Alƙahira da Ƙafa: Yadda Titi Ɗaya ke Koya wa Baƙo Gari

Ba a rasa Hausawa cikin jiragen da ke sauka a Alƙahira. Wasu ɗalibai ne da suka samu gurbi a Azhar, wasu sun rako mara lafiya ganin likita, wasu kuma sarin kaya ya kawo su. Da yawa cikinsu hanya ɗaya suke bi: daga filin jirgi a ɗauko su a mota zuwa masauki a Madinatu Nasr ko Abbasiyya, daga masauki zuwa asibiti ko aji, daga can a komo. Sai mutum ya shafe wata uku a garin, amma in an tsayar da shi a bakin titi aka ce ya nuna inda kogin Nilu yake, sai ya hau waige-waige. Ba a ga laifinsa sosai ba. Gari ne mai mutum sama da miliyan 20 in an haɗa da kewayensa, ga gadojin sama birjik, ga direba na kurɗawa lungu-lungu don kauce wa cunkoso. Wanda ke zaune a kujerar baya ba ya gane gabas balle yamma.

Akwai hanya mai sauƙi ta warware wannan ɗimuwa, kuma ba ta cin fiye da safiya ɗaya. Baƙo ya samu jagora wanda ya san gari, su taka da ƙafa a tsohon birni, daga ƙofar arewa zuwa ƙofar kudu.

Irin wannan zagaye ya zama sana'a a manyan biranen duniya. A 2003 wani matashi mai suna Chris Sandeman ya fara zagayawa da baƙi a Berlin ba tare da yanka musu farashi ba, sai an gama kowa ya ba da abin da ya ga ya dace. Tsarin ya bazu, har ya iso Masar, inda yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsohon tsari na ɗaukar jagora a yi ciniki tun farko. Ko ta wace hanya aka bi, a Alƙahira yawanci ƙafa wuri ɗaya take nufa: Titin Mu'izz.

Dalilin kuwa shi ne wannan titi ne ƙashin bayan birnin tun ranar da aka kafa shi. A 969 kwamandan Faɗimawa, Jauhar as-Siƙilli, ya ci Masar, ya shata sabon gari a arewa da tsohon Fusɗaɗ domin ubangidansa, Halifa Mu'izz li Dinillah, wanda ya iso a 973. Titi ɗaya ya ratsa garin tsakiya daga arewa zuwa kudu, kuma shi ne har yau yake nan da sunan halifan. Tsawonsa tsakanin ƙofofin biyu kimanin kilomita ɗaya da rabi ne. Mai sauri zai gama shi cikin minti ashirin, amma da jagora nagari awa uku ma sai an bar wasu wuraren. Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, kuma bayan gyaran da aka kammala a 2008 an taƙaita shigar motoci ɓangaren arewa na titin, abin da ya sa tafiyar ƙafa ta yi daɗi.

Ana farawa daga Babul Futuh, ƙatuwar ƙofar dutse da waziri Badarul Jamali ya gina a 1087 tare da 'yar'uwarta Babun Nasr. Wanda ya san Kano ba zai sha wahalar fahimtar tsarin ba: ganuwa ce da ƙofofinta, fada da babban masallaci a ciki, kasuwa kuma kowace sana'a da layinta, kamar dai yadda ake shiga Kurmi a tarar da 'yan turare daban, dukawa daban. Jagora mai hankali tun a bakin ƙofa yake ba da darasin farko, kuma shi ne ya fi kowanne amfani. Matuƙar ana tafiya kudu a kan wannan titi, duwatsun Muƙaɗɗam suna hannun hagu, kogin Nilu yana hannun dama. Duk unguwannin da baƙo zai ji sunansu nan gaba, Madinatu Nasr, Zamalik, Giza, Ma'adi, zai iya ajiye kowacce a muhallinta in ya riƙe wannan.

Da shiga ƙofa sai masallacin Hakim a hagu, wanda aka fara a 990 aka gama a 1013. Ya daɗe a yashe, har an taɓa mai da shi kurkuku da ma'ajiyar kaya, kafin jama'ar Bohra na Indiya su gyara shi a wajajen 1980. Gaba kaɗan akwai ɗan ƙaramin masallacin Aƙmar na 1125, kuma a nan ne ya kamata Bahaushe ya dakata. A gida an saba in za a yi salla a fuskanci gabas. A Alƙahira alƙibla tana kudu maso gabas, kuma baƙi da dama sukan rikice a masaukinsu a kwanakin farko. Maginan Aƙmar sun gamu da matsalar ta wata fuska: titi ya miƙe nan, alƙibla ta karkata can. Sai suka daidaita fuskar masallacin da titi, suka ƙara wa bangon kauri ta gefe ɗaya, ta yadda mai shiga ba ya ankara sai ya tsinci kansa ya juya yana kallon mihrabi sosai. Masallatan da aka gina daga baya a kan titin sun bi wannan dabara. Wanda aka nuna masa wannan da yatsa sau ɗaya ya gama sanin alƙiblar garin.

Idan aka ɗan ratse hagu ta lungun Darbul Asfar, za a wuce gidan Suhaimi na 1648 mai tagogin katako da aka sassaƙa ƙanana-ƙanana don iska ta shiga, na ciki ya ga waje, na waje bai ga ciki ba. Lungun yana ɓullewa Titin Jamaliyya daidai zawiyar Baibars al-Jashankir, wadda aka gama a 1310. Yawancin masu yawon buɗe ido wucewa suke yi. Ɗalibin da ya tashi yana jin tafsirin Jalalaini duk watan azumi bai kamata ya wuce ba, domin Imam Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya ƙarasa tafsirin bayan rasuwar malaminsa Jalaluddin Mahalli a 1459, an naɗa shi shugaban wannan zawiya a 1486. Shi ne kuma ya rubuta wa sarakunan ƙasar Tukururu wasiƙar nasiha, cikinsu har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Jagoran da ya saba da Turawa ba lallai ya ambaci wannan ba, sai an tambaye shi.

An koma kan Mu'izz, titin ya rabu biyu a gaban wani kyakkyawan gini da Abdurrahman Katkhuda ya yi a 1744. A da ƙasansa wurin shan ruwa ne kyauta: ma'aikaci na ciki yakan miƙo kofi ta tsakanin ƙarafunan taga ga duk mai wucewa. Samansa kuma makarantar allo ce ta marayu. Irin wannan waƙafi, ruwa a ƙasa karatu a sama, ya cika tsohon birnin, kuma da zarar an nuna wa mutum ɗaya zai riƙa gane sauran da kansa.

Daga nan aka shiga Bainal Ƙasraini, inda zagayen ya fi nauyi. A da fili ne tsakanin fadojin Faɗimawa biyu. Fadojin sun tafi, sunan ya zauna, har marubuci Najib Mahfuz, ɗan unguwar Jamaliyya da ya ci kyautar Nobel a 1988, ya raɗa wa ɗaya daga cikin littattafansa. Abin da ke tsaye a wurin yanzu gine-ginen sarakunan Mamluk ne guda uku a jere a hannun dama, bango na jingine da bango. Na farko daga arewa makarantar Sarki Barƙuƙ ce, wadda aka gama a 1386, inda aka naɗa Ibn Khaldun ya koyar da fiƙihun Malikiyya. Ta biyu ta Nasiru Muhammad ce, mai wata ƙofar marmara da ba ta yi kama da sauran ba, domin daga wata majami'ar mayaƙan Salibiyya aka ciro ta a birnin Akka bayan an ci shi a 1291, aka ɗauko ta har nan.

Na uku shi ne na mahaifin Nasiru Muhammad, Sarki Ƙalawun, wanda aka gina tsakanin 1284 da 1285: makaranta, da ƙubbar kabarinsa, da asibiti. Masana tarihi sun ruwaito cewa tun yana kwamanda ya kwanta ciwo a Sham, aka yi masa magani daga asibitin Nuruddin na Dimashƙa, ya yi alwashin in ya samu mulki zai gina irinsa a Masar. Ya cika alkawari. Asibitin ya karɓi kowa, mai kuɗi da talaka, ba a karɓar ko sisi, da sashen zazzaɓi, da na ido, da na tiyata, da na masu taɓin hankali. Har gobe akwai asibitin ido a wani ɓangare na filin. Ga wanda ya baro Kano ko Maraɗi ya kawo mahaifiyarsa ganin likita a Masar, tsayuwa a wannan wuri tana da ma'ana ta daban: fiye da shekara 700 ke nan mutane na nufo wannan gari neman lafiya.

A zamanin Nasiru Muhammad ɗin nan ne Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji. Ayarinsa ya kashe zinariya a kasuwannin garin har darajarta ta faɗi, kuma marubuci al-Umari, da ya zo shekara 12 bayan haka, ya tarar ana ta ba da labari. Tun kafin Mansa Musa ma, a shekarun 1240, mutanen Kanem sun ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ domin ɗalibansu da alhazansu. Tarihin yana da ɗaci ta wani gefen: kusa da nan akwai Wakalatul Jallaba, masaukin fataken Sudan, inda aka daɗe ana sayar da bayi da aka koro daga kudu. Jagoran kirki ba ya tsallake wannan don ya faranta wa baƙi rai.

Kunne ma yana da aikinsa a wannan tafiya. Ƙarar guduma a kan tagulla ita ke shaida cewa an shigo Nahhasin, layin maƙeran tagulla, inda ake jera jinjirin wata na kan hasumiya a bakin shago, wasu sun fi mutum tsayi, kusa da tukwanen wake masu dogon wuya. Gaba kaɗan ƙarar ta ɗauke, shaguna suka ƙanƙance, gilasai suka cika da sarƙoƙi da awarwaro: an iso Saga, layin 'yan zinariya. Ta hagu ƙananan lunguna ke shiga Khan Khalili, kasuwar da ta samo suna daga Amir Jarkas al-Khalili na shekarun 1380, su ɓulle a dandalin masallacin Husaini. Idan hanci ya fara jin barkono da kanumfari da lubban, an kusa mahaɗar Titin Muski. Wannan mahaɗa ta cancanci a haddace ta. Wanda ya bi Muski ta dama zai ratsa kasuwar tufafi da kayan gida ta talakawan gari, ya fita Ataba, inda tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa take, kuma daga nan sabon birnin da Khidiwi Isma'il ya shata a shekarun 1860 ya fara, har zuwa dandalin Tahrir da bakin kogi. Ɗan kasuwar da ya gane bambancin farashin Khan Khalili da na Muski ya riga ya mai da kuɗin jagoransa.

Sai Titin Azhar, wanda aka fasa a ƙarni na 20 ya yanke Mu'izz gida biyu. Ta hagu, tafiyar 'yan mintuna, ga masallacin da ya kawo ɗaliban garin. An fara shi a 970, aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a 972. Ana shiga ta Babul Muzayyinin, ƙofar wanzamai, inda a da ɗalibai ke zama a yi musu aski. A kewayen farfajiyar akwai ruwaƙai, wato sassan kwana da karatu da aka ware wa ɗalibai a da bisa ƙasashensu: na Turkawa, na Magaribawa, na mutanen Sham, na Sinnar, da kuma na Barno. Tun bayan dokar 1961 da ta mai da Azhar jami'ar zamani, yawancin azuzuwa sun koma Darrasa da Madinatu Nasr, ɗaliban waje kuma da dama suna kwana a Madinatul Bu'us. Shi ya sa za a iya samun ɗalibin da ya yi wata da watanni yana amsa sunan ɗan Azhar, amma bai san cewa a cikin tsohon masallacin malamai na zama jikin ginshiƙi suna karantar da littattafai kyauta ga duk wanda ya zo ba. Wannan asara ce babba.

An tsallaka titi, an ratsa tsakanin gine-ginen Sarki Guri guda biyu na 1505, sai kasuwa ta rufe mutum. Nan ba a hana ababen hawa ba. Babura da a-daidaita-sahu da masu tura kaya da yara masu ɗauke da faifan gurasa a ka bisa keke duk suna neman hanya ɗaya. Wannan rabin na kudu bai kai na arewa tsafta ba, amma a nan ne ake ganin yadda mutanen gari ke rayuwa, kuma a nan ne baƙo ke koyon tafiya irin tasu: a raɓe gefe, a ci gaba, kada a tsaya tsakiyar hanya ana duba waya.

Ƙarshen titin Babu Zuwaila ce, ta 1092. A kanta aka kafa hasumiyoyi biyu na masallacin Mu'ayyad Shaikh, sarkin da aka taɓa ɗaurewa a kurkukun da ke wurin, ya yi bakance in ya fita zai rushe shi ya gina masallaci, ya kuma aikata tsakanin 1415 da 1421. A wannan ƙofa ce Sarkin Usmaniyya Salim ya sa aka rataye Tumanbay, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517. Ana sayen tikiti a hau hasumiyar. Matakalar ƙunci gare ta ga duhu, mai ciwon gwiwa gara ya tsaya a saman ƙofar, amma wanda ya kai sama zai ga duk abin da aka faɗa masa tun safe shimfiɗe a gabansa. Ga titin da ya biyo ya miƙe arewa. Ga Muƙaɗɗam, ga ganuwar Salahuddin da aka fara a 1176 da ƙubbobin masallacin Muhammad Ali a kanta. Ga koren lambun Azhar da aka buɗe a 2005 a kan tsohuwar bolar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana taruwa. Ta yamma kuma ga dogayen benaye da hasumiyar Alƙahira mai mita 187, alamar inda kogi yake. Minti goma a nan ya fi mako guda ana kallon taswira a waya.

A ƙasa, ƙetaren ƙofa, akwai Khayamiyya, kasuwa mai rufin katako tun wajajen 1650. Maɗinka na zaune a ɗan dandamali cikin shago, ƙafa a naɗe, suna yanka ƙyalle kala-kala suna ɗinka shi da allura a kan zane mai kauri, irin wanda ake kafa rumfunan biki da na zaman makoki da shi. Yawancin zagaye a nan yake ƙarewa.

Tarihi rabin ribar ne kawai. Sauran rabin yana cikin tambayoyin da baƙo zai yi a hanya, kuma kada ya ji kunyar yin su. Yaya ake hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1987, na farko a Afirka? Wane tarago ne na mata zalla? Yaya ake tsayar da ƙaramar bas, kuma me ake ce wa direba in za a sauka? A ina ake cin kushari da ɗa'amiyya a sha ruwan rake ba tare da an ninka wa mutum kuɗi ba? Ɗalibin da ya zo da Larabcin littafi zai ji an mai da jimun ga, an haɗiye ƙaf, ya rasa gane ko tambayar farashi. Awa uku kusa da ɗan gari, ana jin yadda yake gaisawa da yadda yake taya kaya da yadda yake sallamar mai naci cikin ladabi, tana buɗe kunne. Hatta tsallaka titi abin koyo ne a Alƙahira, domin motoci ba sa tsayawa: ana shiga ne a natse, da taki ɗaya, a jikin wanda ya saba.

Sai dai jagora suna suka tara. A Masar aikin yana buƙatar lasisi daga ma'aikatar yawon buɗe ido, kuma mai lasisi yana da katin shaida, ba laifi ba ne a nemi gani. Wanda ya tare mutum a bakin Husaini ya ce masallaci a rufe yake amma ya san wata hanya, shagon turare ko na takardar bardi zai kai shi, inda kamasho ke jiransa. Ko cikin masu lasisi akwai wanda rabin lokacin zai ƙare a shagunan abokansa, don haka tun farko a faɗa masa ba sayayya aka zo ba. A yi magana a kan kuɗi, da tsawon lokaci, da ko tikitin shiga gine-gine yana ciki. Zagayen da aka ce kyauta ne, ba kyauta ba ne: abin da aka miƙa a ƙarshe shi ne abincin jagoran, kuma wanda ya bi mutum awa uku a rana ya sulale bai ba shi komai ba ya ci haƙƙinsa. Haka masu tsaron takalma a ƙofar masallatai, a tanadi 'yan canji dominsu.

Akwai kuma batun harshe. Yawancin zagayen da Turanci ko Larabci ake yin su, alhali dattijon da ya zo jinya ko hajiyar da ta zo sari Hausa kaɗai suke ji sosai. Waɗanda ke cike wannan giɓi tun da daɗewa tsofaffin ɗalibai ne. Su ke tarbar baƙo, su nema masa ɗaki, su yi masa tafinta a gaban likita, su raka shi kasuwa. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin ɗaliban Nijeriya da Nijar da Ghana da ke Masar su mai da wannan tafiya al'ada: duk sabon zuwa, a makonsa na farko, a haɗa shi da jagora mai lasisi da ɗalibi ɗaya mai fassara, a bi da shi daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, a tsaya a zawiyar Suyuɗi da ruwaƙan Azhar, wuraren da zagayen Turawa ke tsallakewa.

Wanda zai je, ya fita da sassafe, musamman daga Yuni zuwa Agusta lokacin da zafi ke haura digiri 35. Ya sa takalmi mai sauƙin cirewa, ya riƙe ruwa. Safiyar Juma'a tituna sun fi sarari, amma shaguna da yawa ba sa buɗewa sai bayan an sauko daga masallaci. Daga Abbasiyya a hau layi na 3 a nufi Ataba, a sauka a tasha ta uku, Babush Sha'ariyya. Daga nan zuwa Babul Futuh tafiyar ƙafa ce ta kusan kwata.